Binnenhof: tsakar gidan da ta sha jini

Baƙon da ya sauka birnin La Haye na ƙasar Holand, da wuya ya koma gida bai leƙa Binnenhof ba, tsohuwar fadar da ta zama mazaunin majalisar dokoki. A ƙarni na 13 aka gina babban zaurenta, Ridderzaal, wato zauren barade. Nan ne sarki ya saba karanta jawabin gwamnati ranar Talata ta uku ta watan Satumba. A 2021 aka rufe fadar domin gyara, ƴan majalisa suka ƙaura.

Galibin masu yawon buɗe ido hoton tafkin Hofvijver da ƴar hasumiyar faraminista suke ɗauka su wuce. Amma tarihin yana tsakar gida. Ran 13 ga Mayu 1619, gaban wannan zaure aka fille kan Johan van Oldenbarnevelt, dattijo mai shekara 71, wanda ya yi wa ƙasarsa hidima sama da shekara 30, bayan sun ɓata da Yarima Maurits. Wanda ya san wannan labari ba zai ɗauka cewa Turawa sun gaji mulkin shawara cikin ruwan sanyi ba.