Tsadar Kayan Ɗaki: Kada Ki Yi Saurin Rabuwa Da Tsohon Gado

Yau a wannan fili namu za mu duba wata magana wadda ta hana iyaye da yawa barci, watau tsadar kayan ɗaki. Duk uwar da take da 'ya a gabanta ta san abin da ake ciki. An kawo kuɗin aure, an sa rana, amma uban yarinya ya je wurin kafinta ya dawo jiki a sanyaye. Sai a ɗaga biki daga Sallah ƙarama zuwa babba, daga babba zuwa bayan kaka. Wani ya sayar da gona, wani ya ci bashin da zai shekara yana biya. Alhali kuwa a cikin gidan nan, a ɗakin ajiya ko a bayan zaure, akwai gadon ƙarfe ko kabet na tsohuwa da aka jingine, ƙura ta rufe shi, ana jiran mai gwangwan ya zo ya auna.

To uwargida, kafin ki kira mai gwangwan, zauna mu yi lissafi.

Me Ya Kawo Tsadar?

Ran 29 ga watan Mayu na 1923 ba a haife mu ba, amma ran 29 ga watan Mayu na 2023 kowa yana nan, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce an daina biyan tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000. A watan Yuni na 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar Amurka wadda gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haye naira 1,500 a farkon 2024. Ofishin ƙididdiga na ƙasa ya ce a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Saurin hauhawar ya ragu a 2025, amma kin sani, na sani, abin da ya hau bai sauko inda yake a da ba.

Za ki ce ina ruwan gado da dala, ba a Kano ko Kaduna ake haɗa shi ba? Haɗawa kawai ake yi a nan. Allon nan mai santsi da kafintoci ke kira MDF, da yadin kujera, da gam, da maƙallan ƙofa, da sinadarin da ake yin soso da shi, yawancinsu daga waje suke zuwa, da dala ake sayo su. Sa'an nan ga kuɗin mota, ga man janareto. Kafinta ba mugu ba ne, abin da ya saya da tsada ba zai sayar da araha ba.

Har gwamnati ta san nauyin nan. Tun 2012 gwamnatin Kano take shirya auren zawarawa ta hannun Hisba, a watan Oktoba na 2023 kuma ta aurar da mutum 1,800 da matansu, ta yi wa amare gado da katifa. In da kayan ɗaki ba su zama shinge tsakanin talaka da aure ba, da gwamnati ba ta sa hannu ba. Amma 'yan mata nawa gwamnati za ta iya yi wa ɗaki?

Itacen Ma Ya Yi Ƙaranci

Akwai wani dalili kuma wanda ba a cika faɗa mana ba. Itatuwan da kakanninmu suka san ingancinsu, irin su maɗaci da madobiya da kawo, suna ƙarewa a dawa. Madobiya ce ta fi shan wahala. A shekarun da suka biyo bayan 2010 'yan kasuwa sun yi ta sare ta, musamman a jihar Taraba, ana loda gungume a jiragen ruwa zuwa ƙasar Sin, inda ake yin kujeru masu tsada da ita. Ɓarnar ta yi yawa har yarjejeniyar duniya ta kare dabbobi da itatuwa, wadda ake kira CITES, ta sa madobiya cikin jerin itatuwan da ba a fataucinsu sai da izini tun daga 2017. A taron da aka yi a Fanama a 2022 aka ƙara da maɗaci da kawo na Afirka.

Ma'anar wannan a gare ki ita ce, kabet ɗin nan mai nauyi da mahaifiyarki ta zo da shi gidan miji, in na maɗaci ne ko loko, yau ko da kuɗi a hannu ba ko'ina za ki sami irin katakonsa ba. Bugu da ƙari ya ga hunturu arba'in ko hamsin, ya gama bushewa, ya gama motsi. Sabon katako kuwa sau da yawa ɗanye ake aiki da shi, sanyin hunturu na farko sai ki ji ya tsage, ƙofa ta ƙi rufuwa.

Shi kuma allon MDF garin katako ne aka kwaɓa da gam aka matse, aka lulluɓe da takarda mai ƙyalli. Ranar jere ba abin da ya kai shi kyau. Amma ruwa ya taɓa ƙafarsa, ko wajen wanke ɗaki ko damina ta shigo, sai ya kumbura ya yi ta zuba. In aka tashi daga gidan haya aka kwance shi sau biyu, ƙusa ba ta ƙara kama shi. Irin wannan ba ya karɓar gyara. Katako na ainihi kuwa ana goge shi a sake masa fuska sau da yawa. Gaskiyar masu iya magana, da tsohuwar zuma ake magani.

Yayi Ba Yau Ya Fara Ba

Na san abin da ke ranki: me dangin miji za su ce in sun zo ganin ɗaki? To ki tuna yadda ɗakin Bahaushiya ya yi ta sauyawa. Da can jeren ƙore ne da tasoshi. Sa'an nan kwalla da langa da samira suka zo, aka jera su har rufin ɗaki. Aka yi zamanin gadon ƙarfe mai rumfa, musamman bayan kuɗin Udoji sun shigo hannun ma'aikata a 1975. Daga baya fomeka ta kore shi, yau ga kayan da ake cewa 'yan Turkiyya da 'yan Dubai. Kowane zamani matansa sun ɗauka nasu ne ƙarshen ado, ba a jima ba aka yi musu dariya. Wanda ake yayi yau ma haka zai wuce.

Kada kuma mu manta dalilin da ya sa ake yi wa 'ya kayan ɗaki tun asali. Dukiyarta ce, ba ta miji ba. In wata lalura ta taso, ko ciwo ko rabuwa ko mutuwar miji, ta ba dillaliya kwalla ko gado ta rufa wa kanta asiri. Ki tambayi kowace dillaliya nawa za ta sayi gadon allo da ya shekara uku a ɗaki. Kayan da ba su da daraja a hannu na biyu ado ne kawai, ba jari ba ne.

Wanne Ya Cancanci Gyara?

Ba kowane tsohon abu ne ya kamata a kashe masa kuɗi ba. Fito da shi tsakar gida da rana ki duba. Leƙa bayansa da ƙarƙashin durowa, inda ba fenti. In kin ga jijiyar itace ta bi har gefen allon, katako ne na ainihi. Ƙwanƙwasa ƙafafunsa: in ya yi ƙara kamar ganga, gara ta cinye cikinsa. In kin ga ƙananan ramuka da gari mai laushi yana zubowa, ƙwaro na ciki har yanzu. Ƙafa ɗaya ko allo ɗaya da ya lalace ana iya sauya shi, amma in ɓarnar ta game jiki, ki haƙura. Girgiɗi ba wani abu ba ne, gam ne ya bushe, kafinta zai kwance ya kankare ya sake ɗaurewa.

Gadon ƙarfe kuwa tsatsa ce abokiyar gabarsa. In ta tsaya a fuska, burushin waya da samfefa za su fitar da ita. A fara shafa jan fentin nan mai hana tsatsa, ya bushe, sa'an nan a bi da launin da ake so. In wani wuri ya karye, mai walda zai haɗa. Kujerun kushin ma haka: in ƙashinsu na katako mai kyau ne, soso da yadi kawai za a sauya. Masu wannan sana'a suna nan a Panteka ta Kaduna, da 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, da kasuwar Katako ta Yamai, da kusan kowace unguwa.

Kafin ki ba da aiki, ki tambayi mutum biyu ko uku, ki kuma tambayi kuɗin sabo na katako irinsa, ba na allo ba, domin shi ne ma'aunin gaskiya. Ki yi ciniki a gaban shaida, kada ki biya duka tun farko. In da hali a yi aikin a ƙofar gida, ko ki sa wata alama a ɓoye a jikin kayan, domin akan sami wanda zai musanya tsohon maɗaci da farin katako ya rufe da fenti. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar ruwa, kafin ƙurar hunturu ta sauko, saboda laima tana hana banish bushewa, ƙura kuma tana manne masa.

Hattara Da Lafiyar Yara

Nan ne nake so ki buɗe kunne. Tsohon fenti yakan ƙunshi dalma. Ƙasar Amurka ta hana amfani da irinsa a gidaje tun 1978, amma ya daɗe yana yawo a kasuwannin ƙasashe irin namu bayan haka. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Ta fenti ba ta kai wannan yawa ba, amma ko kaɗan ce tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ba kuwa a gane ba sai daga baya. Saboda haka kada a goge tsohon fenti a ɗaki ko kusa da madafa. A jiƙa wurin da ruwa kafin a goge don kada ƙura ta tashi, a tattara abin da ya zuba a binne nesa da rijiya. Mai ciki da mai goyo da ƙananan yara su nisanci wurin. Kada a ƙona fenti da wuta don ya saki.

Tina da banish suna kama wuta kamar fetur, kada a buɗe su kusa da murhu ko risho. Maganar kuɗin cizo kuma, a kwance gadon ƙarfe a kwarara tafasasshen ruwa a mahaɗansa, a shanya a rana. Na katako a kwance shi a goge kowane lungu, a yi ta shanyawa. Kada ki yarda a zazzaga fiya-fiya a gadon da mutum zai kwanta, maganin gona ne, ya halaka mutane da dama a ɗaki rufe.

Abin Da Ba A Taɓawa

Akwai kuma kayan da gyara ke ɓata su. Kujerar sassaƙa ta kaka, akushi, tasar tagulla ta Bida, tsohuwar ƙofa mai zane: darajarsu tana cikin tsufan nan da kike gani. Ki share ƙura da tsumma mai laushi, ki bar su yadda suke. In kika shafa musu fenti kin kashe su. In wani baƙo ya zo yana taya irin waɗannan da kuɗi kaɗan, ki sani ya san abin da ba a gaya miki ba. Dokar da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa a 1979 ta hana fitar da kayan tarihi daga Nijeriya ba tare da izini ba. In kina shakka, ki aika a tambaya a gidan tarihi mafi kusa, kamar Gidan Makama a Kano.

Sai magana ta ƙarshe, wadda ta fi duka nauyi. In mai kayan ta rasu, gadonta da kabet ɗinta sun zama na magada duka har sai an raba. Kada ki ɗauka don ke ce babba, ko don 'yarki ce za ta yi aure, ki sa a kwashe. A tara 'yan'uwa, a yi wa kayan kuɗi, ki biya sauran rabonsu ko su yafe miki da bakinsu. Zumunci da yawa ya lalace a kan abin da bai kai wannan ba.

'Yan'uwa, mu ne masu zuwa ganin ɗaki, mu ne masu taɓe baki, mu ne kuma masu kuka in abin ya zo kanmu. Ba maza ne suke ƙirga kujerun amarya ba. In muka daina gori, uwa za ta sami ƙarfin halin gyara gadon da take da shi, ta sayi sabuwar katifa da zannuwa, ragowar kuɗin ta saya wa yarinya keken ɗinki ko ta ba ta jari. Ku da kuke adashi, ku kawo wannan magana a zamanku na gaba. Wadda kuma ta taɓa gyara tsohon kaya ta yi wa 'yarta jere, ta rubuto mana yadda ta yi don wasu su amfana.

Allah ya rufa mana asiri, ya ba 'ya'yanmu zaman lafiya a ɗakunansu, amin.