Baƙunci Ma Yana Da Haddi

Duk wanda ya san ƙasar Sakkwato, musamman garuruwan da ke kudu da birni, irin su Dingyaɗi da Boɗinga da Sifawa har zuwa Shagari, ya san cewa babu abin da magidanci yake gudu, bayan fushin Ubangiji, kamar a ce baƙo ya yi sallama a ƙofar gidansa ya kwana da yunwa. Wannan ɗabi'a gado ce, kuma ba abin mamaki ba ce a ƙasar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna, domin tun wajen 1810 da ya sauka Sifawa, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna Boɗinga, har zuwa 1815 da Shehu ya koma Sakkwato, ƙafar almajirai da masu neman fatawa da masu kawo caffa ba ta ɗauke daga wannan yanki ba, kuma sanin kowa ne irin wannan taro ba ya yiwuwa sai da zaurukan mutane da akussansu. Saboda haka wanda zai ɗauki alƙalami ya yi magana a kan baƙon da ya daɗe, wajibi ne ya yi taka-tsantsan, kada a ce rowa ce ta motsa shi. To, amma tsoron zargi ba ya halatta ɓoye gaskiya, kuma gaskiyar ita ce baƙunci yana da haddi, Shari'a ta yanka shi tun fil azal, mu ne muka bar kunya ta shafe shi, har gidaje masu yawa suna nishi a ɓoye, ba mai iya cewa uffan.

Hadisin da ya yanka wannan haddi sananne ne, Abu Shuraihu ne ya ruwaito shi, yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, yana kuma cikin Buhari da Muslim. Ma'anarsa a taƙaice ita ce, girmama baƙo yana daga cikin alamomin imani da Allah da Ranar Lahira. Yini ɗaya da dare ɗaya a yi masa ƙoƙari na musamman. Liyafa kuma kwana uku ce, abin da ya wuce nan sadaka ce daga mai gida. Sa'an nan ba ya halatta ga baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa wanda ya sauke shi. Abin da na lura da shi shi ne, masu wa'azinmu, Allah ya saka musu da alheri, sukan tsaya su yi dogon sharhi a kan rabin farko, wanda ya ɗora nauyi a kan mai gida, in sun iso rabin ƙarshe, wanda ya ɗora nauyi a kan baƙo, sai su wuce shi da hanzari kamar ba ya cikin matani. Alhali lafazin da aka yi amfani da shi a nan lafazin hani ne, kuma dalilin hanin, kamar yadda malamai suka bayyana, shi ne kada baƙo ya jefa ɗan'uwansa cikin zunubi, ko dai mai gidan ya riƙa cin namansa a bayan ido saboda ƙosawa, ko ya riƙa gori a zuci, ko ya ci bashin da ba shi da halin biya don kawai ya fita kunya.

Wanda kuma yake tsammani ƙosawa da baƙo alama ce ta raunin imani, sai ya koma ga Suratul Ahzab, aya ta 53, ya karanta sababin saukarta. A walimar auren Zainab bint Jahshi, Allah ya yarda da ita, waɗansu sahabbai suka ci abinci, sa'an nan suka zauna suna hira, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe kamar zai fita don su fahimta, ba su fahimta ba, kuma kunya ta hana shi ya ce musu su tashi. Sai Allah da kansa ya saukar da umurni cewa wanda ya ci ya watse, ya kuma bayyana cewa wannan zama yana cutar da Annabi. Idan zaman ɗan lokaci bayan cin abinci ya kai a saukar da aya a kansa, ina ga wanda ya zo gaisuwar Salla Ƙarama, har aka yanka ragon layya yana nan?

Bari mu leƙa cikin gida mu ga inda nauyin yake sauka, domin mai gida, wanda ake yi wa shaidar karamci a dandali, ba shi ne ya fi ɗanɗana kuɗarsa ba. Ɗauki gidan manomi a Dingyaɗi a tsakiyar damina, cikin Yuli ko Agusta, lokacin da geron bara ya yi ƙasa a rumbu, sabo kuma bai nuna ba. Uwargida ta san adadin tiyar da take ɗiba kowace safiya, ta san ranar da rumbu zai ƙare in an bi wannan lissafi, kuma baƙo ɗaya baligi ya isa ya rushe shi, domin ba a ba baƙo irin abin da ake ba yara. Akushinsa shi ake fara cikawa, in akwai tsoka ɗaya a miya tasa ce, furarsa kuma ba a tsinka ta da ruwa. Ita ce za ta ƙara daka, ta ƙara surfe, ta ƙara aiken yara rijiya don ruwan wankansa da na alwalarsa. Samarin gida an tashe su daga ɗakin zaure sun koma kwana gidan maƙwabta, inda ba wanda ya san lokacin shigarsu. In kuwa baƙon ɗan'uwan miji ne da ya shigo har cikin gida, to matar da ke kulle ta shiga wani kullen a cikin kulle, ba ta da damar sauke mayafi a tsakar gidanta ko da zafin rana ya kai inda ya kai. Ranar da ta yi ƙarfin hali ta ce, "Malam, gero fa ya yi ƙasa," amsar da za ta samu ita ce, "Yi haƙuri, baƙo raɓa ne." Ita kuwa ta san wannan raɓar ta ga hantsi ta ga azahar ba ta bushe ba.

Shi ma mai gidan ba daɗi yake ji ba, sai dai al'ada ta ɗaure masa harshe, saboda haka sai ya koma ga zaurance. Bayan sallar isha'i, suna zaune a kan tabarma, sai ya gyara murya ya ce, "Kawu, ko an ji labarin mutanen gida? Na san yanzu gonarka tana neman maimai." Kawu kuwa sai ya yi murmushi ya ce, "Ai yara suna can, kuma nan ma gida ne." Shi ke nan, magana ta mutu, sai wani makon. Ba na cewa kowane irin wannan baƙo mugu ne, da yawansu ba su taɓa auna hatsi da hannunsu ba, ba su san abin da ake ciki bayan katanga ba, kuma duk lokacin da suka yi kamar za su yi haramar tafiya, mai gida da bakinsa yake cewa, "Haba, tun yanzu?" Mun koya wa kanmu faɗin abin da ba shi ne a zuciyarmu ba, sa'an nan muna jin haushin wanda ya gaskata mu.

Magabatanmu, waɗanda suka fi mu tafiye-tafiye masu nisa, sun fi mu tsari a wannan babi. Fataken da suke bin hanyar Gwanja neman goro, su sauka Salaga da sauran zanguna, sukan yi watanni a garin da ba nasu ba, amma zamansu yana kan ƙa'idar da kowa ya sani: fatoma yana ba falke masauki da abinci, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da masu saye, ya tsaya masa a kan bashi, shi kuma ya sami la'adarsa daga cinikin. Irin wannan tsari ne Hausawa suka kafa a unguwar Sabo ta Ibadan, a cinikin shanu da goro. Doguwar sauka tana da hakkin da ake biya, gajeriyar sauka kuma ita ce ta alfarma. Mu kuwa yau mun gwama biyun, muna son tsawon zaman falke a kan sharaɗin baƙon kwana uku.

Akwai kuma wata mas'ala ta fiƙihu da ta dace da zamaninmu. Jamhurin malamai sun tafi a kan cewa liyafa sunna ce mai ƙarfi, Laisu ɗan Sa'adu ya ga wajabcinta na dare ɗaya, Imamu Malik da Sahnunu kuwa, waɗanda mazhabarsu muke bi, sun ce an fi nufin mutanen ƙauye da ita, domin matafiyi a birni yana samun masauki da kasuwar da zai sayi abinci. Hikimar a fili take: hukuncin yana tafiya da larura. A zamanin da tafiya take a ƙafa ko a kan jaki, mutum ya iso da gajiya da ƙura, dole ya huta kafin ya juya. Yau kuwa mutum yana karya kumallo a Shagari ko Yabo, ya shiga mota ya gama abin da ya kai shi Sakkwato, ya yi sallar la'asar a gidansa, kuma wayar da ke aljihunsa ta ɗauke masa uzurin sauka ba sanarwa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 farashin komai ya tashi, ma'aikaci mai albashi da manomi duka suna lissafin kwano, don haka abin da gida yake iya ɗauka da fara'a shekaru goma da suka wuce, yanzu sai da bashi.

A nan wajibi ne in ware wani jinsin baƙi, don kada a yi mini mummunar fahimta. Akwai bayin Allah da 'yan bindiga suka raba da garuruwansu, daga Isa da Sabon Birni da Rabah da sauran wuraren da wannan musiba ta shafa, suka fake a gidajen dangi da abokan arziki, ba su da ranar komawa domin ba su da inda za su koma. Akwai mai jinya da ya kawo mara lafiya asibitin birni, akwai matar da aka saki ko mijinta ya rasu. Waɗannan ba a yi musu lissafin kwana uku, kuma jama'ar da tarihinta ya fara da hijirar Shehu daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804 ita ce ta fi cancanta ta san darajar muhajiri. Manzon Allah da kansa ya zauna watanni a gidan Abu Ayyuba al-Ansari kafin a gama gina masallaci da ɗakunansa. Sai dai ko a nan ina da magana biyu. Ta farko, zalunci ne unguwa guda ta zuba ido magidanci ɗaya ya ɗauki mutum goma shi kaɗai don kawai shi ne dangi. Mai unguwa da liman da mawadata da Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha duk suna da rabo a wannan nauyi, kuma a da can, kafin kowa ya kulle ƙofarsa, akussa daga gidaje da yawa suke fitowa zuwa zauren da baƙo ya sauka. Ta biyu, muhajirin da ya fi kowa burge ni shi ne Abdurrahman ɗan Aufu, wanda Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa a Madina, ya yi masa addu'ar albarka, ya nemi kawai a nuna masa hanyar kasuwa. Wanda larura ta zaunar, in yana da lafiya, ya ɗauki fartanya ya bi mai gida gona, ko ya nemi ɗan abin yi ya riƙa kawo cefane komai ƙanƙantarsa. Da wannan sai ya tashi daga baƙo ya zama ɗan gida, kuma mutuncinsa ya tsira.

Na san za a ce irin wannan magana ita ce take kashe zumunci, wai mu ma za mu koma kamar Turawa, ɗan'uwa ba ya zuwa gidan ɗan'uwa sai da takardar gayyata. Ni kuwa abin da na gani ya saɓa wa haka. Zumuncin da na ga ya mutu, doguwar sauka ce ta kashe shi: matar gida ta ƙullaci dangin miji, 'ya'ya suka tashi suna jin sallamar baƙo gabansu yana faɗuwa, ranar da baƙon ya tafi kuma aka yi hamdala maimakon kewa, shi ma ya koma gida yana cewa an canja masa fuska. Da ya yi kwana ukunsa ya tafi ana marmarinsa, da har yau ana aika masa goron Salla.

Maganin bai fi ƙarfinmu ba. Baƙo ya sanar kafin ya taso, in ya sauka kuma, tun a daren farko, bayan gaisuwa, ya faɗi abin da ya kawo shi da ranar da yake niyyar juyawa, in Allah ya yarda, domin faɗin wa'adi yana sanyaya zuciyar mai gida, ya sa ya yi hidima da sakin fuska. Mai gida shi ma ya daina "haba, tun yanzu" in ba har zuci ba ne, kuma in wa'adi ya wuce, ba laifi ba ne a Shari'a ya keɓe da baƙonsa ya gaya masa halin da ake ciki da lafazi mai taushi, ya haɗa masa guzuri gwargwadon iko, ya raka shi tasha. Kafin ya ce wa kowa ya ƙara mako, ya fara shiga cikin gida ya tambayi wadda take riƙe da muciya. Limamanmu na Juma'a kuma, daga Dingyaɗi har Shagari, ina roƙonsu da girman Allah, ranar da za su yi huɗuba a kan girmama baƙo, su karanta hadisin Abu Shuraihu har ƙarshensa, su fassara shi da Hausa yadda na sahun baya zai ji.