Mai Tuƙa Diron, Kai Ma Matuƙin Jirgi Ne

Ɗan'uwa mai riƙe da rimot, yau da kai nake.

Idan kana leƙa TikTok da Facebook, ka san irin bidiyon da nake nufi. An ɗauko madatsar ruwa ta Goronyo daga sama, ko fadamar Wurno lokacin da shinkafa ta yi kore shar, ko ayarin ɗaurin aure a Rabah, babura a jere kamar tururuwa. Hoto ya fita, laik ya zubo, mai hoto ya samu na cefane. Wallahi ban ga laifin wannan ba. Sana'a ce, kuma tana nuna wa duniya cewa gabashin Sakkwato ba labarin 'yan bindiga kaɗai gare shi ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke ɗaukar ɗan jirgin nan marar matuƙi, wanda muke kira diron, kamar waya ce kawai mai fukafukai. Ka saya ko ka ara, ka yi caji, ka cilla sama, shi ke nan. Alhali da zarar ya bar ƙasa, ka shiga hanyar da wasu ke bi da rayukansu. Kuma hanyar nan tana da ƙa'idojin da mutane ke shafe watanni suna koyo.

A Zariya ake koyar da su, a Kwalejin Fasahar Sufurin Jiragen Sama da aka kafa tun 1964, inda ake horar da matuƙa da injiniyoyi da masu kula da zirga-zirgar jirage. Saman makaranta irin wannan wuri ne mai cunkoso. Ƙananan jirage na tashi, su zagaya fili, su sauka, su sake tashi, kuma yawancin masu riƙe da su ɗalibai ne. Me ya hana su gwabza karo kullum? Ba sa'a ba ce. Ladabi ne.

Darasi na farko shi ne ka gani, ka kauce. Ana koya wa ɗalibi ya fi duban waje a kan duban na'urorin gabansa. Kuma ba kallon sama ake yi sakaka ba. Yanki-yanki ake dubawa, ido ya tsaya a kowane yanki kamar daƙiƙa ɗaya kafin ya matsa. Dalili kuwa, jirgin da zai yi karo da kai ba ya nuna motsi a gilashi. Yana tsaye wuri guda kamar ɗigon ƙuda, sai a ƙarshe ya girma farat ɗaya.

Darasi na biyu, ka faɗi inda kake. Matuƙi na sanar da matsayinsa da tsayinsa ta rediyo, yana kuma sauraron na wasu. Na uku, kowa ya tsaya a tsayin da aka ba shi da hanyar da aka shata masa. Na huɗu, idan jirage biyu suka fuskanci juna gaba da gaba, kowanne ya karkata dama. Babu jayayya, babu "ni na riga ka".

Hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka ta ƙiyasta cewa matuƙi na buƙatar kusan daƙiƙa 12 da rabi daga ganin abu, zuwa gane cewa haɗari ne, zuwa yanke shawara, zuwa jirgin ya amsa ya kauce. Mu yi lissafi. Ƙaramin jirgi mai gudun kilomita 200 a awa yana cin kusan mita 700 a cikin wannan ɗan lokaci. Yanzu ka tuna da hazon hunturu a ƙasarmu, ranar da ko ƙarshen unguwa ba ka hangowa sosai.

Duk da wannan horo, ana samun kuskure. Ranar 5 ga Maris, 2024, wani ƙaramin jirgin koyo ya yi karo da jirgin fasinja na kamfanin Safarilink a saman Nairobi ta ƙasar Kenya, kusa da filin jirgin Wilson. Jirgin fasinjan ya samu ya sauka lafiya da mutum 44, amma malami da ɗalibarsa sun rasu. A nan gida, ranar 28 ga Satumba, 2018, jiragen yaƙi biyu na sojin saman Najeriya sun gogi juna a saman Abuja suna atisayen bikin 'yancin kai, matuƙi ɗaya ya rasa ransa. Waɗannan fa ƙwararru ne da masu neman ƙwarewa, suna da rediyo, suna da ido biyu a cikin jirgi. To ina ga kai da kake tsaye a ƙasa, kanka a sunkuye kan fuskar waya?

Na san abin da za ka ce. "Haba Malam, ina ruwan Goronyo da Zariya? Mu nan ko filin jirgi ba mu da shi." Gaskiya ne, filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku yana can wajen birnin Sakkwato. Amma ka ɗaga kai ka tuna. Jiragen soja da masu saukar ungulu na shawagi a yankinmu saboda matsalar tsaro, kuma ba za su sanar da kai lokacin zuwansu ba. Jiragen feshin tsuntsayen jan-baki, idan an turo su, ƙasa-ƙasa suke bi a kan gonaki, daidai inda kake son ɗaukar hoton shinkafa. Wato saman da kake ganin babu kowa, shi ne wurin aikin wasu.

Za ka iya cewa kuma, "Ai ɗan abu ne, me zai yi wa jirgi?" A watan Janairun 2025, lokacin gobarar dajin birnin Los Angeles a Amurka, wani diron da nauyinsa bai kai rabin kilo ba ya huda fiffiken jirgin kashe gobara. Dole aka ajiye jirgin na kwanaki ana gyara, wuta kuma na cin gidajen mutane. Mai diron ɗin so yake kawai ya ga yadda gobarar take. Ya tura shi nesa har ya ɓace masa da gani, daga baya ya amsa laifinsa a kotu. Diron ba tsuntsu ba ne. Akwai batir da ƙarfe a cikinsa. Kuma matuƙin da da ƙyar yake hango jirgi sukutum, ta yaya zai hango abin da bai fi faranti girma ba? Shi ya sa nauyin kaucewa ke kanka kai kaɗai.

Saboda haka ga abin da nake roƙonka, kuma duk aron darasin Zariya ne. Kada diron ɗinka ya fita daga inda idonka ke ganinsa, ido na gaske, ba hoton waya ba. Ka tsaya ƙasa da ƙafa 400, wato kusan mita 120, iyakar da ƙasashe irin su Amurka da Ingila suka sa. Ka tafi da aboki wanda aikinsa kawai duban sama da kasa kunne, ba ɗaukar ka bidiyo kana tuƙi ba. Da ka ji ƙarar jirgi, ko ba ka gan shi ba, sauko nan take. Ango zai iya jira. Ranar hazo mai kauri ko bayan magariba, ka haƙura. Ka nisanci filin jirgi da sansanin jami'an tsaro da duk inda ake gudanar da aikin soja. A yankin da ake fama da 'yan bindiga, abin da ke shawagi a sama ba tare da an san mai shi ba zai iya jawo maka zargin da ba ka shirya masa ba.

Ka kuma sani cewa akwai doka. Tun 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, wato NCAA, ta sanar cewa ba a tashin jirgi marar matuƙi sai da izininta da na ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro. Da yawanmu ba mu taɓa jin wannan ba, kuma a nan ne nake ganin hukuma ma tana da nata kason. Dokar da ke zaune a Abuja cikin Turanci ba za ta isa kunnen saurayin Rabah ba. A fassara ta da Hausa, a sa ta a rediyo da shafukan da muke bi, a sauƙaƙa rajista ga ƙananan masu hoto, a kawo gajeren horo Sakkwato. Hana matasa sana'a ba mafita ba ce. Koya musu ita yadda ya kamata shi ne mafita.

Ke ma 'yar'uwa, amarya ko ƙawar amarya, kina da ta cewa. Kafin ki biya mai hoto, tambaye shi ko ya san iyakar tsayin da zai kai. Mu kuma masu kallo, mu daina yi wa ganganci tafi. Idan ka ga bidiyon da aka cilla diron har cikin gajimare, kada ka rubuta "kai, gwani". Rubuta masa gaskiya.

Wataƙila a cikin masu riƙe da rimot a Wurno yau akwai wanda gobe zai zauna a kujerar ɗalibi a Zariya. Ina yi masa fatan haka. Ranar da ya tashi shi kaɗai karon farko, zai so a ce duk wanda ke ƙasa da diron ya san abin da yake yi. To ka zama wannan mutumin tun yanzu. In kunne ya ji, jiki ya tsira.