Daga Manawashi: Rawa Ma Ilmi Ce

Jama'a, ƙafar mai rawa takan tsufa, amma saninsa ba ya tsufa. Violette Verdy, Bafaranshiya gwanar bale, watau rawar Turawa ta kan yatsun ƙafa, ta yi tashe a Amurka daga 1958 zuwa 1977. A 1996 Jami'ar Indiana ta ɗauke ta farfesa, tana koyarwa har ta rasu a 2016.

Mu fa? A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa. Madalla. Amma girmamawa daban, aji daban. Tsofaffin 'yan koroso da gwanayen rawar Tangale suna ta ƙarewa da saninsu. Ya kamata Jami'ar Jihar Gombe ta buɗe musu aji, tun ƙasa ba ta rufe idonsu ba.