Istiharar Haya

Mu Hausawa ba ma jin nauyin neman addu'a a wurin mutane. Mai tafiya Umara, kafin a ce masa Allah ya kiyaye hanya an riga an ce "a sa mu a addu'a". Haka ake gaya wa liman, da tsohuwar unguwa, da almajirin da aka miƙa wa sadaka. Babu laifi a nan. Sayyidina Umar da kansa ya nemi Uwaisul Ƙarni ya roƙa masa gafara, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim. Wanda ke damuna shi ne mutumin da ya rarraba wa kowa aikin roƙo, shi kaɗai ne bai ɗaga hannu ba.

Dubi yadda muka mai da istihara. Yarinya ta sami manema biyu. Uwa ta ƙulle 'yan kuɗi a bakin zane, ta nufi zauren malam da sunan yarinyar da na samarin, har da sunayen iyayensu mata. Malam ya ce a dawo bayan kwana uku. Ranar da aka koma ya ce ya ga haske a kan wannan, ya ga duhu a kan wancan. Shi ke nan, an yanke. Yarinyar da za ta zauna a gidan shekara da shekaru ko alwala ba ta yi ba a kan maganar.

Alhali istiharar da Jabir ɗan Abdullahi ya ruwaito, wadda Buhari ya kawo, mai buƙatar ne ke yin abarsa. Jabir ya ce Manzon Allah (SAW) yana koya musu ita kamar yadda yake koya musu sura. Raka'a biyu ce ta nafila, sai addu'a, sai mutum ya ambaci buƙatarsa. Babu mafarki a cikin sharuɗɗanta, babu kuɗin goro.

To me ke hana mu? Na farko kunya ce. "Ni da wace fuska?" Haka za ka ji mai sakaci da salla yana faɗa, ko wanda ya san abin da ya aikata a ɓoye. Kunya ado ce a gaban suruki, amma a nan Shaiɗan ne ya ara ta ya yafa maka. Abin mamaki, shi kansa Iblis, bayan ya ƙi yi wa Annabi Adamu sujada, bai ji nauyin roƙo ba. Ya nemi a jinkirta masa, aka kuma jinkirta masa. Yana nan a Suratul A'araf. Annabi Yunusa kuwa daga cikin kifi ya yi kira, bayan ya bar mutanensa cikin fushi, bai tsaya jiran ya fito ya kintsa ba.

Wasu kuma cewa suke ba su iya Larabci ba. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani: wanda ya halicci harshenka yana jin Hausa. Ka haddace abin da ya sawwaƙa, sauran ka faɗa yadda yake a ranka.

Amma ina zargin akwai dalili na uku da ba a cika furtawa ba, kuma shi ne babba. Tsoron amsar muke. A cikin addu'ar istihara akwai wurin da mutum zai roƙa da bakinsa cewa in abin nan sharri ne gare shi a kawar masa da shi, a kawar da shi daga abin, sannan a sa ya yarda da abin da aka zaɓa masa. Wanda zuciyarsa ta riga ta kamu da wata yarinya, ko da wani shago a Kantin Kwari, ko da kujerar kansila, wannan jimlar tana yi masa nauyi a baki. Ya gwammace ya je wurin malam, don in malam ya ce a'a akwai wani malamin a gaba. Muna son tawakkali matuƙar dai zaɓin Allah zai yi daidai da namu.

Ba na cewa abin mai sauƙi ne. Duk wanda ya yi jinyar ɗansa yana roƙo dare da rana, aka wayi gari ya rufe shi da hannunsa, ba ya buƙatar mai rubutu a jarida ya yi masa wa'azin haƙuri da araha. Sai dai a tuna masa ba shi ne farau ba. Annabi Nuhu ya yi wa Ubangijinsa magana a kan ɗansa da ruwa ya ci, aka ba shi amsar da ba ita yake so ba. Suratu Hudu ta ba da labarin abin da ya yi daga nan: bai yi fushi ya daina roƙo ba. Nan take ya sake wani, ya nemi tsari daga tambayar abin da ba shi da saninsa, ya nemi gafara da rahama. A aya ta gaba, ta 48, aka ce masa ya sauka daga jirgin cikin aminci da albarka, shi da waɗanda ke tare da shi.