Man Lafanda: A Daina Sayar Mana da Ƙamshi da Sunan Magani

Jama'a, wata sabuwar annoba ta shigo ɗakunan kwananmu na ɗalibai, ta kuma bi ƙananan ma'aikata har ofisoshinsu. Wata 'yar kwalba ce mai ɗauke da man lafanda, wadda masu talla a WhatsApp da Instagram ke rantsuwa tana maganin rashin barci da ciwon kai da ƙuna da ƙuraje, kai har da hawan jini. Abin takaici shi ne masu saye mu ne, mu da aka kashe wa dukiyar talakawa don mu koyi tambayar hujja.

Bari mu ba man haƙƙinsa. Lafanda tsiro ne mai shuɗin fure da ake nomawa a kudancin Faransa da Bulgeriya, ana turara furen da tururin ruwa a tatso mansa. Wani masanin harhaɗa sinadarai Bafaranshe, René-Maurice Gattefossé, ya ƙone a hannu a 1910, ya yi jinya da man, sannan ya wallafa littafi kan magani da ƙamshi a 1937. Tun 2009 Jamus ta amince da wata ƙwayar man lafanda mai miligiram 80 don rage ƙaramar fargaba. Wasu kuma ƙamshinsa kan kwantar musu da hankali kafin barci. Wannan duk gaskiya ne.

To, amma ina ruwan ƙwayar da aka auna, aka gwada, hukuma ta sa mata hannu, da kwalbar da ba a san wanda ya cika ta ba? Sanannen abu ne a wannan ciniki cewa ana gauraya man da na lafandin, wani danginsa mai araha, ko da sinadarin da aka haɗa a masana'anta. Mai saye dai kallon kitse yake yi wa rogo.

Babbar hujjar masu talla ita ce wai abin daga tsiro ya fito, don haka ba ya cutarwa. Ashe? Zaƙami ma tsiro ne, kowa kuwa ya san yadda yake juya hankalin wanda ya sha. Man lafanda tsantsa yana iya sa fata ƙaiƙayi da kumburi, musamman idan ya daɗe a buɗe iska ta shige shi. Idan yaro ya kurɓe shi, guba ne. A 2007 wata babbar mujallar likitanci ta Amurka ta kawo labarin yara maza uku da nono ya fito musu suna amfani da kayan shafa masu ɗauke da man, kumburin kuma ya janye da aka daina. Masana na jayayya kan musabbabin har yau, amma wane uba ne zai yarda a yi gwaji da ɗansa?

Haɗarin da ya fi duka shi ne jinkiri. Mai hawan jini da ya ajiye ƙwayarsa ya rungumi kwalba, ko ɗalibin da damuwa ta hana shi barci wata guda yana shaƙar ƙamshi maimakon ya je asibitin makaranta, rayuwarsa yake caca da ita.

Saboda haka, wanda zai saya ya nemi lambar rajistar NAFDAC. Kada a sha. In za a shafa, a ɗiga ɗigo ɗaya a cikin ƙaramin cokali na man zaitun ko na kwakwa, a fara gwadawa a ɗan wuri. A nisanta shi da ido da jarirai, mai ciki kuma ta tuntuɓi likita. Muna kuma kira ga ƙungiyar ɗalibai da ta hana liƙa irin waɗannan tallace-tallace a allunan sanarwa, 'yan'uwanmu na sashen harhaɗa magunguna kuma su fito su wayar mana da kai. In kunne ya ji, jiki ya tsira.