Ba Sai Ka Mallaki Laftof Ba Kafin Ka Fara Koyon Python

Jama'a, akwai maganar da na gaji da ji a bakin samarinmu na Kura da Bunkure: "Ina son koyon rubuta manhaja, amma sai na sayi laftof." Wani har jira yake a sayar da tumatir ko shinkafar rani. Shekara ta zagayo, kuɗin ya tafi wajen taki da biki, karatu bai soma ba. A ganina wannan jiran asara ne.

Akwai Google Colab. Kyauta ne, adireshin Gmail kawai yake buƙata. Ka buɗe Chrome, ka shiga colab.research.google.com, ka taɓa ɗigo ukun nan na sama ka zaɓi yanayin kwamfuta don shafin ya fito sosai. Sai ka buɗe sabon littafin aiki. Za ka ga akwati, ka rubuta umarnin Python a ciki, ka danna alamar kunnawa, amsa ta fito a ƙasansa nan take. Tsarin Jupyter ke nan, wanda masu bincike ke amfani da shi tun 2014.

Abin da mutane ba su gane ba shi ne, ba wayarka ce ke yin aikin ba. Wata kwamfutar Google ce can nesa, wadda ake kira saba, take yin lissafin, wayarka tana nuna maka sakamako ne kawai. Mu 'yan yankin noman rani bai kamata wannan ya ba mu wuya ba. Manomin Kadawa bai haƙa rijiya a gonarsa ba, ruwa daga dam ɗin Tiga yake zuwa ta kanal. To haka. Wayar itel ko Tecno mai RAM 2GB sai ta ja aiki daga na'ura mai kusan 12GB. Kuma a matsayina na mai gyara, wannan ya fi mini a cika ƙaramar waya da manyan manhajoji tana zafi kamar dutsen guga, batir yana lalacewa kafin lokacinsa.

Amma fa ruwan kanal ba naka ba ne, ana iya rufe ƙofa. Colab na kyauta ba ya wuce awa 12 a zama ɗaya, kuma idan ka bar shi ba ka taɓawa, zai yanke tun kafin nan. Littafin aikinka yana nan a Google Drive, amma duk fayil ɗin da ka ɗora kai tsaye a kan sabar ya tafi. Don haka ka haɗa Drive ɗinka tun farko, can za ka riƙa ajiya. Kada kuma ka zuba lambar BVN ko sirrin asusunka a littafin da za ka tura wa wani. 'Yan haƙar kirifto, ku ma ku ji: Google ya haramta wannan a Colab, za a iya toshe ka.

Masu cewa rubutu a waya wahala ne, gaskiyarsu. Python yana da tsauri kan tazarar farkon layi, ga allon waya ƙarami. Maganinsa kibod na kwamfuta da wayar OTG, ana samunsu a Farm Centre a Kano, kuɗinsu bai kama ƙafar na laftof ba. Netwok ma yakan yi tsiya idan aka nutsa cikin gonaki, sai ka nemi inda yake kamawa. Data kuwa, rubutu ne ke kai da kawowa, bai kai rabin sa'ar TikTok ci ba, sai dai in kai ne ka ɗora manyan fayiloli daga wayarka.

In za ka fara, ka bar darussan da ba su shafe ka ba. Ka tattara farashin kwandon tumatir a Kwanar Gafan na kowane mako, ka zuba a Colab, ka sa ya zana maka yadda yake hawa da sauka daga farkon kaka zuwa ƙarshenta. Layi goma ya isa.